Maganin kansa

Akwai wani saƙo da ke yawo cikin salulolinmu tun bara. Na san da yawanku kun gan shi, wasu ma sun tura shi gaba. Hoton itaciya ne, a ƙasansa an rubuta wai masana a Turai sun tabbatar sassaƙen itace kaza yana kashe ciwon daji, wai kamfanonin magani ne suka danne maganar don kada kasuwarsu ta mutu. Yau maɗaci, gobe marke, jibi magarya. Sunan itacen kaɗai ake canzawa. A ƙarshe kuma a haɗa ka da Allah ka tura wa mutum goma.

Ni ma na tura. Na ma yi abin da ya fi turawa muni, don na fassara irin wannan magana da bakina ga matar da ta goya ni. Saboda haka kada wani ya ce ga ɗan boko nan ya hau mumbari zai zagi masu maganin gargajiya. Da mu nake, mu ƴan jami'a da ƴan lise, mu da ake miƙo wa salula a tsakar gida a ce "duba mana."

Gwaggona, ƙanwar babana, ta ji wani ɗan ƙullutu a nononta na hagu. Ba ya ciwo, don haka ta ja bakinta ta yi shiru har ya tasa. Da ta faɗa, sai aka fara daga inda kowa ke farawa. Wani mai magani da ke zuwa cin kasuwar garinmu da mota da lasifika ya ɗaura mata sassaƙe ƙunshi uku, ya ce ta jiƙa ɗaya ta riƙa sha safe da marece, ta dafa ɗaya ta riƙa gasa wurin, na ukun a daka a kwaɓa da man shanu. Da na zo hutu daga Yamai ta kira ni ɗaki, ta ce, "Ɗana, kai da ka yi lakkwal mai zurfi, duba mini cikin abin nan naka. Mutumin ya ce har Nasara sun yarda da iccen nan. Da gaske ne?" Na nemo sunan itacen na Latinanci, na buga. Takardun bincike suka fito reras. Ɗaya da Faransanci take, cikin kanunta ga kalmomi biyu ɓaro-ɓaro: activité anticancéreuse. Kanun na karanta, da layi biyu na farko. Na ɗago kai na ce, "Gwaggo, gaskiya ne, ga shi a rubuce. Maganin daji ne." Ta ce alhamdu lillahi, Allah ya yi maka albarka.

Wata bakwai ta ƙara a kan jiƙon nan, kuma ni na buga mata hatimi.

Ni ba likita ba ne, kimiyyar harshe nake karanta, kuma nan ne abin ya fi ƙona mini rai, don kuskuren da na yi na fannina ne. A aji an koya mana cewa kafin ka fassara jimla sai ka san wa ya faɗe ta, ga wa, kuma a wane zaure. Mai binciken da ya rubuta kalmomin nan biyu da abokan aikinsa yake magana, su kuwa duk sun san mi yake nufi. An tatso wani ruwa daga ɓawon itace, galibi da barasar ɗakin gwaji, ba da ruwan randa ba. An ɗiga shi kan ƙwayoyin daji da ake kiwo cikin ɗan faranti. Bayan kwana biyu ko uku an ƙirga, an ga kashi kaza sun mutu. Shi ke nan. Abin da suke kira in vitro ke nan, wato cikin gilashi. Babu mace a wurin, babu nono, babu hanta balle ƙoda. Ni kuwa na sungumo maganar daga wancan zaure na dire ta a ɗakin Gwaggo, na sa mata kalmar "magani", wadda a kunnen mai ciwo ma'anarta ɗaya tak: sha ki warke.

Kashe ƙwayar daji a faranti ba wani abin a zo a gani ba ne. Ruwan Javel yana kashe ta. Gishiri in ya yi yawa yana kashe ta, ruwan zafi ma haka. Abin da ke hana masana barci shi ne yadda za a kashe ta cikin jikin mutum, mutumin kuma ya tashi da ransa.

Masu tura saƙon suna da hujja ɗaya da suke ji da ita, kuma ba ƙarya ba ce. Sukan ce, to ai maganin dajin da ake ba mutane a likita ma daga ɓawon itace aka samo shi. Haka ne. Sunansa na kasuwa Taxol, na masana paclitaxel, kuma yana cikin jerin muhimman magungunan Hukumar Lafiya ta Duniya. Amma mu bi labarin daga farko, mu ga wa yake goya wa baya.

A 1960 cibiyar binciken ciwon daji ta gwamnatin Amurka ta fara tattara tsirrai tana gwada su kan ƙwayoyin daji. Ba wani boka ya nuna musu ba, tsintar dami a kala suke nema: duk abin da ya tsiro a ɗebo, a tatsa, a gwada. Cikin shekara ashirin sun gwada ruwan tsiro fiye da dubu ɗari. A 1962 wani masanin tsirrai, Arthur Barclay, ya sassaƙo ɓawon wata itaciya mai jinkirin girma a dajin jihar Washinton, ana kiran ta Taxus brevifolia. Samfurin ya faɗa hannun masana sinadarai biyu, Monroe Wall da Mansukh Wani. A 1964 aka ga ruwan ɓawon yana kashe ƙwayoyin daji a faranti. Ku lura da kyau, wannan shi ne daidai matakin da takardar da na karanta wa Gwaggo ta tsaya. Da a lokacin akwai WhatsApp, da tun ranar an sanar da duniya an samu waraka.

Su kuwa nan aikinsu ya fara. Ɓawon itace kasuwa ce guda, sinadarai ɗaruruwa ne a ciki. Wanne ne ke kisan? Sai 1971 suka iya wallafa siffarsa. Daga busasshen ɓawo kilo 12, rabin giram suka samu. Sannan aka sake zaman jira har 1979, lokacin da wata masaniya a Niyok, Susan Horwitz, ta gano yadda yake aiki. Ƙwayar halitta in za ta rabu biyu takan kafa wasu siraran zaruruwa a cikinta, su ja kayan gadonta gefe da gefe, sannan ta warware su. Sinadarin nan sandarar da zaruruwan yake yi su ƙi warwaruwa, ƙwayar ta maƙale tsakiyar rabuwa har ta mutu. Da yake daji ƙwayoyi ne da suka ƙi daina rabuwa, su abin ya fi bugu. Amma saiwar gashi ma rabuwa take yi kullum, ɓargo ma haka. Shi ya sa gashi ke zubewa, jini ke raguwa.

A 1984 aka fara gwada shi kan mutane, sai wata matsala ta ɓullo. Abin ba ya narkewa a ruwa, in an haɗiye shi kuma hanji ba ya ɗaukarsa yadda ya kamata. Dole aka narkar da shi cikin wani mai da ake sarrafawa daga man zurma, a sa shi ta jijiya. Man kuma ya riƙa tada wa wasu marasa lafiya mummunan borin jini, saura kaɗan a watsar da aikin, sai da aka gano a fara ba su wasu magunguna kafin a rataya ruwan. Sai a Disamba 1992 hukuma ta amince a riƙa ba masu dajin ƙwan mahaifa, a 1994 kuma masu dajin nono. Daga ranar da Barclay ya sa wuƙa a jikin itaciyar zuwa ranar amincewa, shekara talatin cur.

Yanzu ku ɗauko alƙalami. Mace matsakaiciya ana sa mata wajen miligiram 300 a zama ɗaya, duk bayan sati uku. Da lissafin Wall da Wani na farko, zama ɗaya ya ci busasshen ɓawo kilo bakwai da ɗoriya. Ko da ta iya jiƙa kilo bakwai a tukunya, sinadarin ba zai fito cikin ruwa ba. Ko ya fito, cikinta ba zai kai shi jini ba. Ƴar'uwar itaciyar da ke Turai kuwa dafi gare ta mai tsayar da zuciya, dawaki da shanu na mutuwa in sun ci ganyenta. Wato itaciyar da ta fi kowace shahara a duniya wajen ba da maganin daji, da za ka kawo ta Katako ko kasuwar Dole ka sayar da ita ƙunshi-ƙunshi, mutum ɗaya ba za ta warkar ba. To hujjar wa ce wannan?

Kuma Taxol shi ne wanda ya ci jarrabawa. Waɗanda suka faɗi ba a tura labarinsu a grup. Wall da Wani ɗin nan, tun 1966 sun fitar da wani sinadari mai suna camptothecin daga wata itaciyar ƙasar Sin. A faranti jarumi ne, a jikin ɓera ma haka. Da aka kai shi ga mutane a farkon shekarun 1970 sai ya riƙa sa su fitsarin jini da zawo mai tsanani, aka ajiye shi. Sai da aka gano yadda yake aiki a 1985, aka sake masa siffa, sannan ƴaƴansa biyu, topotecan da irinotecan, suka samu shiga a 1996. 

Biyu kuma sun fi kusa da gida. A shekarun 1980 wani masani a Arizona, George Pettit, ya fitar da combretastatin daga ɓawon wata itaciyar Afirka ta Kudu, Combretum caffrum. Danginta kun san su, da su muke hura wuta: geza da taramniya jinsinsu ɗaya da ita, sabara da marke kuma ƴan gida ɗaya ne. An yi ta gwada shi kan mutane shekara da shekaru, har yau bai zama maganin da likita ke rubutawa ba. A 1995 kuma masu bincike a Shikago suka wallafa cewa wani sinadari da suka samu a ɓawon magarya, wadda aka sassaƙo a Zimbabuwe, yana kashe ƙwayoyin wani dajin fata a faranti da jikin ɓera. Magaryarmu dai, wadda yara ke jifa. Har yau babu farmasin da za ka shiga ka saye shi a matsayin maganin daji. Cikin magunguna goma da suka kai matakin gwaji kan ɗan Adam, kusan tara faɗuwa suke yi, su kuma sun riga sun tsallake faranti da ɓera. Wanda bai bar faranti ba fa?

Na san mi ke bakin wasunku, don an faɗa mini shi a fada, shayi na kan wuta. Wani ya ce, "Kai dai faɗi kake. Ni da idona na ga matar da ta yi dajin nono, aka ba ta sassaƙe, ta warke sarai, ga ta can tana goyo." Ban ƙaryata shi ba, kuma ba na jin ƙarya yake. Tambaya ɗaya na yi masa: wa ya ce daji ne?

Nan ne harshenmu ke yi mana rami. "Daji" a bakin mutanenmu buhu ne. Gyambon da ya ƙi warkewa daji ne. Kumburin da ya daɗe daji ne. Nonon mai shayarwa da ya yi ja, ya tara mugunya, ya hana ta barci, shi ma wasu daji suke ce masa. Abin da lokotoro ke kira kanser kuwa abu ne takamaimai, ba a tabbatar da shi sai an ciri ɗan tsoka an duba a madubin ƙara girma. Mafi yawan ƙullutun da mata ke ji a nono ba shi ba ne. Wasu ruwa ne ya taru, wasu tsiro ne marar cutarwa, wasu maruru ne da zai fashe ya warke ko an sha jiƙo ko ba a sha ba. Mai maganin da ya ce ya warkar da daji hamsin, mai yiwuwa ne bai yi ƙarya ba a Hausarsa. Sai dai cikin hamsin ɗin babu wadda aka auna. Waɗanda suka warke suna dawowa da goro da godiya, har a ɗauki muryarsu a sa a lasifika. Wadda tata ta gaske ce ba ta dawowa. Ita an ce kwana ne ya ƙare.

Haka maganar nan da kowa ya sani, wai daji ba ya son ƙarfe, in wuƙa ko allura ta taɓa shi sai ya watsu. Daga ina ta fito? Daga abin da ido ya gani. Ana riƙe mace a gida shekara guda ana jiƙo, sai ciwon ya fashe, ya kai hammata, ya kai huhu, sannan a ɗauke ta ranga-ranga a kai likita. A yi mata aiki, bayan wata biyu ta rasu. Sai a ce ƙarfe ne. Shekarar da aka ɓata ba ta da wanda zai tsaya mata shaida, wuƙar kuwa kowa ya ga tabonta. Ita wannan magana sai ta hana ta gaba zuwa da wuri, ita ma ta je a makare, ta ƙara tabbatar da maganar. Ƙarya ce mai ciyar da kanta.

Kalmar "magani" ita ma bari in ɗan tsaya a kanta. Muna cewa maganin ciwon kai, muna cewa maganin ɓera, maganin sauro, maganin ƙarfe. In wani ya ce "zan yi maganinka," ba lafiya yake nema maka ba. Hausa ta riga ta san abin da ke warkarwa da abin da ke kashewa gida ɗaya suke. Maganin daji na gaskiya ya fi kusa da maganin ɓera a kan tsimi, guba ce da aka auna da ma'aunin da ya fi na maƙerin zinariya, ana lissafa ta da tsawon mutum da nauyinsa, ana duba jininsa kafin kowane zama. To ta yaya mai lasifika zai ce nasa yana cinye daji, kuma "ba ya da illa ko kaɗan, don na itace ne"? Zaƙami ba itace ba ne? Kwankwanin da maharba ke dafa dafin kibiya da shi fa? Gwaskar da ake ba wanda ake tuhuma a da, ɓawon itace ce. In jiƙon yana da ƙarfin kashe daji cikin jiki, yana da ƙarfin taɓa hanta da ƙoda, kuma babu mai aunawa. In kuwa da gaske ba ya da illa ko kaɗan, to ku zargi ƙarfinsa.

(Kalmar "kansa" da ta shigo mana ta rediyo da bakin ƴan kasuwa daga kudu ta yi mini daɗi a wuri ɗaya. In ka rubuta "yana sayar da maganin kansa," sai a baki za a raba ko ciwon ake nufi ko shi mai sayarwar. Na ga motocin wasunsu. Takarda ta fi mu gaskiya.)

Akwai waɗanda suka ƙirga abin da jinkirin nan ke ci. Masu bincike a jami'ar Yale ta Amurka sun wallafa a 2018 cewa sun bi mutum 281 masu dajin da bai riga ya watsu ba, waɗanda suka ƙi maganin likita suka riƙe na gargajiya da makamantansa kaɗai, suka kwatanta su da mutum 560 masu irin ciwonsu da suka karɓi na likita. Haɗarin mutuwar na farkon ya ninka sau biyu da rabi. A dajin nono ya haura sau biyar. Can ke nan, inda likita ke bakin ƙofa, ana iya canza shawara gobe da safe.

Za ku ce mini, kai ɗan Yamai, ka san kuɗin likita kuwa? Na sani, mun sayar da tumaki. Wannan ita ce hujjar da ta fi kowace nauyi, kuma ba zan yi kamar ban ji ta ba. Dajin nono shi ne kan gaba cikin dajin matan ƙasar nan. Amma na'urar gashin daji ta farko sai 2021 aka buɗe ta, a Yamai, kafin nan sai mai halin fita waje. Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, ga kuɗin mota, ga masauki, ga mai jinya da zai bar gonarsa. Tun 2007 akwai dokar da ta ce jinyar dajin mata kyauta ce, amma duk gidan da ya yi jinyar ya san tsakanin takardar doka da kantar farmasi akwai tafiya. Mai lasifika kuwa shi ke zuwa har garinku, yana jin yarenku, yana kiran mace "Hajiya", ba ya daka mata tsawa, kuma yana karɓar jaka biyu yau, sauran sai kasuwa mai zuwa. Ba wauta ke kai iyayenmu wurinsa ba.

Sai dai wannan dalili ne na mu yi fushi, mu rubuta, mu tambayi masu mulki ina aka kwana. Bai zama dalilin da zai sa mu gaya wa mace ƙarya ba. Kuma lissafin arhar ma bai fita. Ƙullutu ƙarami da aka kama da wuri, jinyarsa ta fi sauƙi, ta fi arha, ta fi yiwuwar warkewa. Jaka biyu-biyun nan na wata bakwai, in ka tara su, sun isa kuɗin mota da awon farko har da canji.

Wani kuma zai ce Nasara ne ke sace mana ilimi su mayar da shi ƙwaya su sayar mana. A wasu wurare an yi haka, shi ya sa aka ƙulla yarjejeniyar Nagoya a 2010, don ƙasar da aka ɗauki tsironta da iliminta ta samu rabonta. Amma mai tsoron ɓarawo rumbu yake ginawa. Tsofaffin da suka san itace na gaske, waɗanda ba su da lasifika, waɗanda za su ce maka "wannan ya fi ƙarfina, kai ta likita," suna ta mutuwa da abin da suka sani. Wa ke zama gabansu da littafi? Abokanmu na sashen sinadarai da na haɗa magunguna suna rubuta memwar kan sabara da marke da maɗaci, da kuɗin aljihunsu wani lokaci, aikin ya tsaya a faranti don babu abin ci gaba. Aikinsu mai kyau ne, kuma su ba su ce sun warkar da kowa ba. Mu ne muke ɗauko kanun takardarsu mu sa masa rawani. In akwai wani Taxol a cikin gezar dajinmu, hanyar Wall da Wani ce za ta fito da shi, da shekarunta da kuɗinta, kuma ba a gajarta ta da turawa ga mutum goma.

Itatuwan ma suna biya. Ku dubi maɗatan da ke bakin manyan titunan Yamai da Maraɗi da Damagaram, ku ga yadda aka feɗe su har iya inda hannu ke kai. Abincin da ganye ke haɗawa ta cikin ɓawo yake sauka zuwa saiwa. In an zagaye gindin da sassaƙa, an yanke wa saiwa abinci, itaciyar na tsaye amma ta mutu. A Amurka sai da masu kare daji suka tashi tsaye kan itaciyar Taxol, don kowace aka feɗe ta tafi ke nan, ga ta da jinkirin girma. Mafitar daga Faransa ta zo, inda Pierre Potier da abokan aikinsa suka nuna ana iya farawa daga ganyen ta Turai, wanda ke sake tohowa, kuma daga aikinsu aka samu wani maganin, docetaxel. A Kamaru kuwa akwai wata itaciyar kan duwatsu, Prunus africana, da ake fitar da ɓawonta Turai don kumburin mafitsarar tsofaffin maza, wanda ma ba daji ba ne. An feɗe ta har aka sa ta cikin jerin tsirran da ake sa wa ido a cinikin duniya a 1995, a 2007 kuma Tarayyar Turai ta dakatar da saye daga Kamaru. Mu da hamada ke bi da gudu, duk saƙon da ya ambaci sunan itace gatari ne muka aika mata.

Abin da nake roƙonku ƙarami ne, kuma aikin masu harshe biyu ne. In an miƙo muku salula, ku karanta har ƙasa. Ku nemi inda aka faɗi a kan mi aka gwada, faranti ne, ɓera ne, ko mutane, kuma mutum nawa. Sannan ku fassara jimlar dukanta, ko da ta yi tsawo, ko da ba ta da daɗi: "Ya kashe ƙwayoyin daji a faranti, ba a gwada shi kan mutum ba." Kada ku ce "maganin daji" sai ga abin da aka ba masu daji aka ga sun fi waɗanda ba a ba daɗewa. Kada kuma ku yarda a kira ƙullutu "daji" ko a ce "ba komi ba ne" kafin a auna shi. Wanda ke son shan jiƙonsa bayan an auna, ya gaya wa lokotoron mi yake sha, don wasu itatuwan na rikita aikin magani cikin hanta.

Gwaggo dai sai da fatar nonon ta fara yamutsewa kamar bayan lemu, hammata ta yi ƙululu, sannan babana ya ce a tafi Yamai. Lokotoron ya tambaye mu wata nawa da fara jin abin. Da muka faɗa bai ce komi ba, ya rubuta kawai. Aka fara da ƙarin ruwa don a rage girmansa, daga baya aka cire nonon. A takardar maganin da aka aike ni saye ne na fara ganin kalmar paclitaxel, kuma a bencin jira na karanta duk abin da na zayyana muku a sama. Gashinta ya zube, tafin ƙafarta har yanzu tana jin kamar tana taka ƙaya.

Ran zama na huɗu ta dubi ledar ruwan da ke rataye, ta ce, "Ɗana, wai shi wannan mi ne a ciki?" Na ce, "Gwaggo, asalinsa daga ɓawon itace aka samo shi." Ta yi shiru, sannan ta ce, "Wane icce?" Na ce ba na ƙasar nan ba ne. Ta gyara kallabinta da hannun da babu allura, ta ce, "To wannan karon dai ka duba da kyau ko?"

Bayan babbar salla za mu koma awo.